Linzamin Mota da Linzamin Zuciya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa mutane kusan miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Birnin Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram ya ga ɓaragurbin motoci a gefen hanya, kuma da wuya a sami masallacin da bai taɓa sallatar gawar matafiyi ba.

Saboda wannan masifa ne ƙasashen Tarayyar Turai suka kafa doka cewa daga watan Yuli na 2024 kowace sabuwar mota ta fito da na'urori biyu. Ta farko tana karanta allunan hanya da idon kyamara, tana haɗawa da taswirar tauraron ɗan'adam, idan direba ya wuce iyakar gudu sai ta yi masa ƙara, ko ta taurara totur a ƙarƙashin ƙafarsa, ko ta rage ƙarfin inji. Ta biyu tana lura da yadda yake riƙe sitiyari, wata ma tana kallon fatar idonsa, da ta ga alamar gyangyaɗi sai ta faɗakar da shi. Maƙwabciyarmu Nijeriya kuwa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu a shekarar 2017. Tun da motocin da suka tsufa a Turai su ne ke cika kasuwanninmu, ya kamata mu san matsayin addini kafin abin ya yawaita a hannunmu.

Akwai masu cewa wannan duk wahalar banza ce, domin wanda kwanansa ya ƙare babu ƙarfen da zai cece shi. Ajali gaskiya ne, babu Musulmin da ke shakkarsa. Amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, kuma a Suratul Baƙara an hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu. Ku duba lissafin: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Direban da ya yi gyangyaɗin daƙiƙa biyu ya tuƙa mutane fiye da mita 50 idonsa a rufe. Idan kuma aka ninka gudu biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninka huɗu. Wanda ya san wannan kuma ya taka totur, to ya bar sababi ne da gangan, bai halatta ya fake da ƙaddara ba.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun riga sun yi maganar tun zamanin dawakai. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai hawanta da mai janta da mai korarta. Mota dabbar zamani ce, direba kuwa mahayinta. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na ƙasar Burunai a shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma wanda ya yi sakaci har aka rasa rai, hukuncin kisan kuskure na iya hawa kansa. Hukuncin nan yana cikin Suratun Nisa'i: diyya ga iyalin mamaci, da kaffarar azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami baiwa ko bawan da zai ƴanta ba.

Wasu kuma suna cewa kyamarar da ke kallon fuskar direba leƙen asiri ce, alhali Suratul Hujurati ta hana tajassusi. Wannan magana tana da nauyi. Amma tajassusi shi ne bibiyar abin da mutum ya ɓoye tsakaninsa da Ubangijinsa. Barcin direban da ya ɗauko fasinjoji ba sirrinsa ba ne shi kaɗai, haƙƙin duk wanda ke cikin motar ne, har da yaron da ke kora awaki a bakin hanya. Sharaɗin shi ne na'urar ta tsaya ga aikinta. Dokar Turai kanta ta hana ta ajiye abin da ya wuce buƙatar faɗakarwa ko ta miƙa shi ga wasu. Idan mai mota ya mayar da ita hanyar sauraren hirar yaronsa ko tona asirinsa, ya shiga abin da aka hana.

Sai dai ku sani, na'urar nan ana iya kashe ta, kuma wanda ya ƙuduri ganganci zai sami makanikin da zai cire masa waya. Mai motar da ya ɗora wa direba kuɗin da ba za su samu ba sai da sawu biyu a yini, shi ne ya fara taka totur tun daga gidansa. Fasinjan da ke yi wa mai tafiya a hankali gori, yana zuga mai gudu da kirari, shi ma yana da rabonsa na zunubi. Waɗannan babu kyamarar da ke ganinsu. Abin da ke tsare su shi ne ihsani, wanda Annabi ya fassara wa Mala'ika Jibrilu da cewa bawa ya yi aiki yana sane Allah yana ganinsa.

Don haka, ya kai ɗan'uwa direba, idan motarka tana da wannan na'ura ka bar ta ta yi aikinta, ka yi niyyar kare rayukan bayin Allah, sai ka sami lada a kan abin da doka ta tilasta maka. Idan ba ta da ita, amanar tana nan a wuyanka: barci ya zo, ka gangara gefe ka huta, ka yi alwala, sannan ka ci gaba.

Allah ya kare matafiyanmu, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.