Garwashin da Aka Hura Dominka

Karatun yau: Yohanna 21:1-17

A gidan da na tashi, Inna ba ta barin wuta ta mutu. Da dare, bayan an kwashe tuwo an wanke tukunya, sai ta tattara garwashin da ya rage a tsakiyar murhu, ta lulluɓe shi da toka. Da asuba, tun duhu bai gama yayewa ba, za ka ji motsinta a madafi. Ta durƙusa, ta tone tokar da ɗan tsinke, ta lalubo jar ƙwayar da ta kwana da rai, ta ɗora mata ƙirare da karan dawa, ta sunkuya tana hurawa a hankali. Hayaƙi ya turnuƙe, idonta ya kawo ruwa, can sai wuta ta kama. Mu yara muna ɗaki ƙudundune cikin mayafi, iskar hunturu na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ƙarar karan nan da ke fashewa a wuta ita ce ke gaya mana an kwana lafiya.

Daga nan sai ƙamshi ya biyo baya. Ta dama gasara, ta sheƙa mata tafasasshen ruwa, citta da kanumfari su cika tsakar gida. Ranar da aka jiƙa wake aka surfa aka markaɗa, sai ka ji tana buga ƙullu da ludayi, sannan ƙosai ya faɗa cikin man gyaɗa yana tsuwa. Ranar da babu wake, akwai ɗumamen tuwo da miyar kuka, wanda kowane ɗan gidanmu zai rantse maka ya fi na daren jiya daɗi. Baba kuwa yana can bayan ɗaki wajen tantabarunsa, da ƙoƙon gero a hannu, yana watsa musu yana ƙirga su da ido. Ba ya yarda kowa ya taɓa wannan ƙoƙo.

Shekara da shekaru ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Haka safiya take, shi ke nan. Sai da na girma na zauna a kan karatunmu na yau, sannan na gane cewa Ubangijina ma ya taɓa riga mutanensa tashi, ya hura musu wuta.

Almajirai 7 ne a bakin Tekun Tibariya: Siman Bitrus, da Toma, da Natanayel mutumin Kana, da 'ya'yan Zabadi, da waɗansu biyu da ba a faɗi sunansu ba. Yesu ya riga ya tashi daga matattu, sun kuma gan shi, amma ba su san abin da za su yi da kansu ba. Bitrus ya ce shi zai koma su, sauran suka bi shi. Wannan teku tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa wajen kilomita 21, faɗinsa kusan 13, a cikinsa Bitrus da 'ya'yan Zabadi suka yi sana'arsu kafin a kira su. Har gobe ana kama karfasa a wurin, danginta ɗaya da wadda masuntanmu ke fitarwa daga Tiga ko Kainji, masu gidajen abinci na can ma suna kiranta kifin Bitrus. Duk da sanin ruwan da suka yi, suka kwana jefa taru ba su kama ko ɗaya ba.

Gari na wayewa suka hango mutum a gaɓa, tsakaninsu da shi wajen kamu 200. Ya tambaye su ko sun samu, suka ce babu. Ya sa suka jefa tarun ta hannun dama na jirgin, taru ya cika har suka kasa jawo shi. Almajirin da Yesu yake ƙauna ya gane ko wane ne, ya gaya wa Bitrus, Bitrus ya ɗaura rigarsa ya faɗa ruwa. Daga baya an ƙirga kifin, manya 153, tarun kuma bai kece ba.

Mu tsaya a kan abin da suka tarar da suka taka ƙasa. Garwashi ne a hure, da kifi a kansa, da gurasa a gefe. Yohanna bai ambaci kowa a gaɓar ba sai Yesu. Wanda ya ci nasara da kabari, wanda tabon ƙusa ke tafin hannunsa, shi ne ya tanadi karin kumallo yana jiran mutanen da suka kwana cikin sanyi da gajiya da cizon yatsa. Ya kira su su zo su karya, ya ɗauki gurasa ya miƙa musu, haka ma kifin.

Kalmar da aka fassara da garwashi a nan, sau biyu kacal ta fito a Sabon Alkawari na Helenanci, duka biyun a littafin Yohanna. Na farko a sura 18 ne, a farfajiyar gidan babban firist, daren da aka kama Yesu. Ana sanyi, bayi da dogarai sun hura garwashi suna jin ɗumi, Bitrus ya tsaya cikinsu, a daren nan kuwa ya yi musun Ubangijinsa sau 3 kafin zakara ya yi cara. Hanci ba ya mantuwa. Duk wanda ya taɓa jin ƙamshin daddawa a baƙuwar ƙasa zuciyarsa ta koma ɗakin uwarsa, ya san haka. Bitrus ya fito daga ruwa sharkaf, ƙamshin da ya fara dukan hancinsa shi ne na daren da ya fi kowane dare muni a rayuwarsa.

Akwai magana tsakaninsu, su biyun sun sani. Amma Yesu bai tayar da ita ba sai da aka gama ci. Aya ta 15 ta fara ne da bayan sun karya kumallo. Sai da cikin Bitrus ya ɗauka, jikinsa ya yi ɗumi, sannan aka tambaye shi sau 3 game da ƙaunarsa, sau 3 kuma aka danƙa masa kiwon tumaki.

Bahaushe ya san wannan tsari. Ba a tsare baƙo da tambaya yana tsaye da ƙurar hanya a ƙafa. A shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, a kawo fura in akwai, labari ya biyo baya, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Haka Allah ya yi da annabi Iliya lokacin da ya gudu daga Yezebel, ya kwanta ƙarƙashin wani itace a jeji yana roƙon mutuwa. Mala'ika ya tashe shi, ga waina da aka toya a kan duwatsu masu zafi, ga butar ruwa. Ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci, da ƙarfin abincin nan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb, a can ne aka tambaye shi abin da ya kawo shi. Haka kuma da Yesu ya tashi 'yar Yayirus mai shekara 12, iyaye na cikin ruɗewa, shi ne ya tuna a ba yarinyar abinci.

Ni ma an yi mini haka. Ina da shekara 19, Baba ya sayar da gyaɗa ya ba ni kuɗin in sayo taki a birni. Na bi abokai, kuɗi suka narke, kunya ta hana ni komawa. Na yi wata 4 ina gararamba, damina ta wuce gonarmu ba taki. Karin maganar nan da ke cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi ta hana ni barci. Da wahala ta ishe ni, na shigo motar dare, na ƙarasa da ƙafa, na iso ƙofar gida da asubar hunturu. Na daɗe tsaye a zaure ina rawar ɗari, ina haɗa maganar da zan faɗa.

Inna tana durƙushe gaban murhu. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma sakin fuska da ni a gaban mutane. Ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai ga wutarta, ta tura wata 'yar kujera kusa da murhu ta ce, "Matso ka ji ɗumi." Da Baba ya fito, na durƙusa har ƙasa na ce, "Baba, ina kwana." Ya ce, "Lafiya lau. Ka karya?" Na ce a'a. Ya dubi Inna ya ce, "A ba shi koko." Na riƙe ƙwaryar da hannu biyu, ɗuminta na ratsa yatsuna, hawaye na ɗiga ciki, ba wanda ya ce uffan har na shanye. Sai Baba ya shiga ɗaki ya fito da ƙoƙon geron nan da ba ya bari a taɓa, ya miƙo mini ya ce, "Je ka watsa wa tantabaru."

An yi maganar daga baya, da hantsi, a gindin darbejiya, ba ta kuma yi daɗi ba. Na biya bashin da gumina a damina biyu. Amma tun lokacin da ƙoƙon nan ya shiga hannuna na san har yanzu ni ɗan gida ne, wannan sanin ne ya ba ni ƙarfin zama in saurari faɗa.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ka raina abin da ke gabanka da safen nan. Wataƙila a gidanka babu murhun duwatsu uku, risho ne ko gas, shayi ne da burodi, yara na neman takalmin makaranta ana ta sauri. Duk da haka wani ya riga ka tashi ya ɗora ruwa. Wannan hannu yana yin irin aikin da Ubangiji ya yi a bakin teku, ko mai hannun ya sani ko bai sani ba. Yaushe rabon da ka ce masa sannu da aiki, kana duban fuskarsa? Idan kuwa kai ne mai tashin, kana jin kamar ba wanda ya lura, ka tuna Mai Cetonka ya taɓa tsayawa kan wuta yana jiran mutanen da da farko ba su ma gane shi ba.

Haka ma 'yan ƙananan abubuwan da ke sa gida ya zama gida. Uwargidana tana da zogale a bayan ɗaki, da tattasai da yakuwa cikin tsofaffin buhuna, kowace safiya sai ta zagaya su da buta kafin ta fita, tana murna da kowane sabon toho. 'Yarmu tana koyon saƙa, ta warware ta sake, ta warware ta sake, ranar da ta gama hular farko gidan duka ya sani. Da yamma dattawan layinmu suna zaman dara, ana gardama ana dariya. Allahn da ya sa ɗanɗano a harshe, ya sa ƙamshi a citta, shi ne ya ba mu waɗannan, kyauta ce kuma da ake karɓa da godiya. Sau da yawa ta cikinsu yake ɗinke abin da ya yage tsakanin mutane, kamar yadda ya yi mini da ƙoƙon gero.

Na san akwai gidajen da safiyar yau murhu ya kwana da sanyi, tsadar abinci ta sa uwa tana lallashin yara da alkawarin rana. Karatunmu bai manta da su ba. Ko da yake akwai kifi a kan wuta, Yesu ya ce wa almajiran su kawo daga cikin wanda suka kama. Shi ya ba su kamun, ya kuma so ya ga nasu a kan garwashinsa. Mun gaji al'ada mai kyau ta aika kwano maƙwabta, suna kawo mana da Sallah muna kai musu da Kirsimeti. Kada mu jira biki. Idan tarunka ya kama wani abu a makon nan, ƙara ludayi biyu a tukunya, ka aiki yaro da shi gidan da ka san hayaƙi bai tashi ba.

Sannan ka duba cikin gidanka. Wataƙila akwai wanda ya ɓata maka rai, ɗa ko ƙani ko abokiyar zama, ka kwana kana shirya masa magana. Maganar tana nan, gaskiya ba ta ruɓewa, za a yi ta a lokacinta. Amma yau ka fara tura masa kujera kusa da wuta. Idan kuwa kai ne ke tsaye a zaure, kunyar abin da ka aikata ta hana ka shiga gaban Allah, ka sani an riga an hura garwashi, da kai aka auna abincin.

Mu yi addu'a.

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka riga bayinka tashi ka tanadar musu abinci a bakin teku, mun gode da ka tashe mu lafiya. Mun gode domin ruwan ɗumi, da abin karyawa, da muryoyin iyalinmu, da hannuwan da suka yi mana hidima muna barci. Ka sa musu albarka, ka ba mu bakin gode musu. Ka gafarta mana inda muka yi musunka da maganarmu ko da aikinmu, ka sake danƙa mana aikinka. Ka ba mu zuciyar ciyarwa kafin tuhuma. Ka tuna da gidajen da ba su ɗora tukunya ba, ka aike mu gare su da abin da ka ba mu. Ka zauna tare da mu a tabarmarmu yau, cikin sunanka mai tsarki. Amin.