Tukar Rake

Duk inda mai rake ya ajiye baro, kafin la'asar za ka ga ƙasa ta yi fari da tuka. Mun tsotse zaƙi mun tofar, sai ƙudaje da awaki. Masu mazarƙwaila a Maƙarfi sun fi mu sanin darajarta: shanya ta suke yi, idan ta bushe su cusa ta a murhu, raken ya dafa ruwan kansa da kansa.

Burazil ta ɗauki wannan dabara ta kai ta inda ba a zata ba. Lokacin da farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, ƙasar tana sayo mafi yawan man da take sha daga waje. A 1975 gwamnatin Ernesto Geisel ta ƙaddamar da shirin Proálcool, wato a mayar da rake man mota. Aikin ba ɓoyayye ba ne. A matse ruwan, a zuba yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, sannan a dafa a tare tururin, a samu itanol. Tan ɗaya na rake yana ba da lita tamanin da 'yan kai. Tukar kuma ita ake ƙonawa ta juya injinan masana'anta, har a sayar da rarar wutar lantarki. A 1979 kamfanin Fiat ya fito da motar 147 mai shan itanol zalla.

An sha wuya a hanya. A 1989 sukari ya yi tsada a kasuwar duniya, masu masana'anta suka karkata can, masu motocin itanol suka wayi gari a layin gidan mai. Jama'a ba su sake sakin jiki ba sai 2003, da Volkswagen ya kawo motar da ke shan fetur ko itanol ko gaurayensu, direba ya zaɓi mai araha.

Ni dai hankalina yana kan tukar. Ruwan rake abinci ne, masarar da Amurka ke yin nata itanol da ita ma abinci ce, kuma raina ba ya kwanciya da a cika tankin mota da abin da zai shiga tukunya. Tuka fa babu mutumin da ke cinta. Abin mamaki, ita ma sukari ce, sai dai an saƙa shi sarƙa-sarƙa ya zama zare mai tauri, aka kuma lulluɓe shi da wani sinadari mai kama da danƙo, wanda shi ke sa kara ya tsaya ƙyam a gona. Haƙorinmu ba ya kwance wannan saƙa, yis ma ba ya iyawa. Saniya tana iyawa, albarkacin ƙwayoyin halittar da ke tumbinta. Abin da injiniyoyi ke kwaikwayo ke nan: su turara tukar da zafi mai tsanani har ta saki, su zuba mata sinadaran narkarwa da aka samo daga naman gwari, sarƙar ta tsinke ta koma sukari, sai yis ya karɓi aiki.

Akwai tsada, kuma masana'antu da dama da suka gwada a Amurka sun rufe. Amma kamfanin Raízen ya kafa irin wannan masana'anta a Piracicaba cikin jihar Sao Paulo, ya fitar da itanol daga tuka da ganyen rake, ba tare da an ƙara share ko kadada ɗaya ta daji ba. Ganyen ma ba a kwashe shi duka, ana barin wani a gona ya rufe ƙasa, ya riƙe laima, ya ruɓe ya ciyar da raken baɗi.