Wakilin Mashaya: Ɗan Aike ne Kawai, ko Yana da Nasa Lamiri?

'Yan'uwa, akwai wata zumunta da ta soma a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka cikin shekara ta 1935, sa'ad da mutum biyu waɗanda giya ta kusa hallakawa, wato Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa mashayi yakan iya riƙe kansa in yana taimakon wani mashayi ɗan'uwansa. Sunanta Alcoholics Anonymous, ma'ana mashayan da ba sa bayyana sunayensu a bainar jama'a. Ƙananan ƙungiyoyi ne suka haɗu suka zama wannan zumunta, kowace tana tafiyar da al'amuranta da kanta, ba ta kuma karɓar gudummawar kuɗi daga wanda ba ɗanta ba.

Likita Bob ya rasu a 1950. Bill ya ga cewa shi ma ba zai dawwama ba, ya kuma ji tsoron kada ragamar ta faɗa hannun wasu 'yan tsiraru a ofis. Saboda haka aka soma babban taron hidima na shekara-shekara a 1951, kuma a taron birnin St. Louis na 1955 aka miƙa wa 'yan zumuntar nauyin kansu. Ga yadda tsarin yake a Amurka da Kanada: kowace ƙaramar ƙungiya takan zaɓi wakili na shekara 2, yawanci mutumin da ya yi kamar shekara 2 bai ɗanɗana giya ba. Shi ne zai je taron gunduma da na yanki. Yankuna 93 ne, kowanne kuwa yana aika mutum ɗaya zuwa babban taron, wanda yawanci a birnin Niyok ake yi.

A kan wannan ƙaramin wakili nake so mu yi tunani, gama tambayar da ke gabansa tsohuwa ce, tana kuma da wuya. In ra'ayinsa ya saɓa da na waɗanda suka aike shi, wanne zai kai?

Bari mu ɗauki abin da ya faru da gaske. Babban littafin zumuntar ya fito a 1939, da Turancin wancan zamani, kuma an bar ainihin sashensa na farko kusan yadda yake. A 2021 babban taron ya yarda a shirya wani bugu cikin sauƙaƙan kalmomi domin waɗanda karatu ke yi wa wuya, ya kuwa fito a 2024. Kafin a kai nan an sha muhawara. Wasu sun ce kalmomin nan ne suka tsamo su daga rami, kada a taɓa su. Wasu kuma sun ce littafin da mai bukata ba ya iya karantawa ba zai ceci kowa ba. To, a ce ga wakili wanda shi kansa bai yi nisa a makaranta ba, ya sha wahala kafin ya fahimci littafin, zuciyarsa tana tare da sabon bugu. Amma ƙungiyarsa ta zauna, ta tattauna, ta ce ba ta yarda ba. Me zai faɗa a taron yanki?

Abu na fari bai da wata tantama a wurina. Dole ya faɗi abin da aka aike shi da shi, cikakke, tare da hujjojinsa mafi ƙarfi, ba da murya ƙasa-ƙasa ba, ba kuma da irin murmushin da ke nuna wa masu sauraro cewa shi dai bai yarda ba. Wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mutum yana iya cin amana ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya isa ya rage nan, ya tausasa can. Ga wanda ya fito daga shaye-shaye kuwa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin shekarun da ya yi cikin giya shekaru ne na murɗa magana: "kaɗan na sha", "gobe zan bari". In ya koma murɗa maganar 'yan'uwansa saboda yana ganin ya fi su sani, tsohon halin ne ya dawo cikin sabuwar riga.

Amma fa zumuntar ba ta ɗauki wakili a matsayin ɗan aike kurum ba. Cikin ƙa'idodin hidima 12 da aka amince da su a 1962, akwai wanda ya ba masu hidima ikon yanke shawara bisa lamirinsu bayan sun saurari kowa. Dalilin a fili yake. In kowa zai zo da amsarsa a rufe cikin ambulan, me ya kawo taro? Da sai a aika wasiƙa. A taron yanki wakilin zai ji abin da ƙungiyarsa ba ta ji ba, watakila daga bakin masu kai saƙon zumuntar cikin gidajen yari, inda da yawa ba su iya dogon karatu ba. In sabon bayani ya zo wanda ya tabbata zai sauya tunanin mutanensa da suna wurin, yana da damar jefa ƙuri'a dabam.

Nan ne wurin yake da santsi, gama zuciya gwanar yaudara ce. Yana da sauƙi mutum ya kira son ransa "sabon bayani". A ganina ma'auni ɗaya ne: zai iya komawa ya tsaya gaban waɗanda suka aike shi, ya ce, "Ga abin da kuka ce, ga yadda na faɗe shi, ga abin da na ji, ga kuma yadda na jefa ƙuri'a"? In yana jin zai so ya ɓoye wani sashe na wannan rahoto, to, tun a can ya kauce. Su kuwa suna da ikon su ce bai kyauta ba, har su zaɓi wani.

Abin da ke sauƙaƙa masa wannan nauyi shi ne yadda zumuntar ke yanke shawara. Ba ta gamsuwa da rinjayen mutum ɗaya ko biyu. A manyan al'amura akan nemi kashi biyu cikin uku. Bayan an ƙirga hannuwa kuma, akan ba waɗanda aka kayar dama su sake magana, in kuwa maganarsu ta juya wani daga cikin masu rinjaye, ana iya sake ƙuri'ar. Saboda haka wakilin da ya kai ra'ayin da ba nasa ba, bai binne gaskiya ba. Akwai ƙofar da za ta shigo. Har wajen zaɓen wanda zai je babban taro, in an yi ta zagaye ba wanda ya sami kashi biyu cikin uku, sai a sa sunayen na gaba-gaba cikin hula a zaro ɗaya. Wasu za su ce wannan caca ce. Ni ina ganin hikima ce ta mutanen da suka san abin da gāsa da riƙon zuciya kan yi wa mashayi: wanda aka kayar da ƙuri'a ɗaya yana iya fita da ɗacin rai, ɗacin rai kuwa hanya ce zuwa kwalba.

In shekara 2 ta cika, al'adar ita ce wakilin ya sauka ko da ya iya aikin, ko da ba a ga wanda ya kai shi ba. Sai ya miƙa takardu ga na bayansa, ya koma cikin masu jera kujeru da dafa kofi kafin a buɗe taro.