Bindigar da Ta Yi Shiru Ba Ta Mutu Ba

Ɗana, an kawar da amfanin gona, hunturu ya sauko, na kuwa ga samarin Kankiya da Kusada sun fara sauko da bindigogin toka daga inda aka rataye su tun faɗuwar damina. Daga Rimaye zuwa Tafashiya, daga Yashe zuwa Mawashi, ba da jimawa ba kalangu zai yi kira, karnuka su fita, a faɗa daji neman zomo da makwarwa. Ban hana ka ba, farauta gado ce. Magana ɗaya nake so ka riƙe kafin ka rataya taka: ranar da ka ja kunama, ka ji ƙyas, bindiga ta ƙi tashi, to ka shigo wuri mafi hatsari a duk sana'ar nan.

Bindigar toka wuta biyu gare ta. Akwai ƙarama, wadda makunnin da ka ɗana yake bayarwa in an doke shi, akwai babba, ta albarushin da ke ciki. Tsakaninsu 'yar kafa ce da ba ta fi ta allura da yawa ba. In bindiga ta ƙi tashi, galibi a nan matsalar take: ko makunnin bai zauna daidai ba, ko ya sha raɓa, ko kafar ta toshe da toka da tsatsa da man da ka shafa, ko kuwa albarushin ya yi sanyi, don ba abin da ya kai shi jan laima. Abin da yara ba su sani ba shi ne, wani lokaci wutar ta riga ta shiga. Tana ci ne a hankali ta ƙarƙashi kamar wutar ƙaiƙayi, sai ka fid da rai ta tashi.

Da idona na gani. Ina yaro, wani ƙanen mahaifina, maharbi ne da ake ji da shi a ƙauyenmu, ya auna zabon daji ya ja, shiru. Ya yi tsaki, ya sauke ta daga kafaɗa, ya dafa gindinta a ƙasa, ya ɗora tafin hannunsa na dama a bakinta yana lalube aljihu da hagu. Ban gama haɗiye yawu ba ta tashi. Yatsu uku suka tafi. Har Allah Ya karɓi abinsa da cokali yake cin tuwo, in an yi baƙi kuwa sai ya ce ya ƙoshi, ya ja gefe. Shekara talatin yana harbi, kuma ba rashin sani ne ya ci shi ba. Haushin zabon da ya tsere ne.

Saboda haka in ta yi maka shiru, kada ka sauke ta daga inda ka auna. Bar bakinta yana kallon inda babu mutum, babu dabba, babu bukka, ka jira minti ɗaya cur, in ka kai biyu ya fi. Ga wanda zomo ke ɓace masa a gaba minti ɗaya shekara ce, na sani. Bari ya tafi. Bayan nan ka fara cire makunnin kafin ka taɓa komai. Kada ka leƙa bakinta, kada ka hura, kada ka bubbuga ta a ƙasa, kada kuma ka ce bari ka ƙara mata albarushi ko za ta ji.

Wannan na ƙarshe ya kashe mutane da yawa, ba a nan kaɗai ba. Bayan yaƙin Gettysburg na 1863, a yaƙin basasar Amurka, an tsince bindigogin ɗuri fiye da 27,000 a fagen daga. Kusan 24,000 suna ɗure, kuma aƙalla rabin waɗannan an yi musu ɗuri a kan ɗuri, har aka sami wadda aka ɗura sau 23. Sojoji ne masu horo, amma ruɗewa ta sa mutum ya manta tasa ba ta tashi ba, ya sake cusa wani. Maganin abin ba ya cin ko sisi: ka zura sandar ɗuri lokacin da ka tabbata bindigar fanko ce, ka yi wa sandar tsaga daidai bakin bindiga. Duk ranar da ka zura ka ga tsagar ta tsaya a sama, akwai abu a ciki, ko da ka rantse ba ka ɗura ba.

Shi makunnin nan ma wani maharbi ne ya buɗe hanyarsa. Alexander Forsyth, limamin coci a ƙasar Sikotilan, mai son harbin agwagin ruwa, ya gaji da bindigar ƙyastu da walƙiyarta ke korar tsuntsu kafin harsashi ya fita, sai ya ƙirƙiro kunnawa ta hanyar duka, ya yi mata rajista a 1807. A 1866 Edward Boxer na Ingila da Hiram Berdan na Amurka, kowa da nasa salo, suka fito da makunnin da ke zama a gindin kwanson harsashi. Har yau a Amurka akwai maharban da ke sake ɗura kwansonsu a gida, suna dasa makunni da wani ɗan matsi na hannu. Masu hankalinsu doka ɗaya suke bi: in ka matsa ka ji ya cije, tsaya. Wataƙila ka ɗauko babba mai faɗin kusan milimita 5.3 za ka sa a gurbin ƙarami mai 4.4, wataƙila ya kifa ko ya karkace, wataƙila gurbin ya yi datti. Ba su tilasta shi, ba su kallon da bakin matsin wajen fuska, suna sa tabarau, ba su kuma zube makunnai a kwalba guda, don in ɗaya ya fashe sauran za su bi. Ba ina ce ka kwaikwayi aikinsu ba ne, dokarmu ba ta sakar wa kowa haɗa harsashi a gida ba. Halin nake so ka ɗauka. Abin da duka ke tayar da shi, ba a gyara shi da duka. Na sha ganin yaro yana daddanna makunni da gindin wuƙa, fuskarsa a kai, don ya ƙi zama.

Akwai kuma wata sabuwar wauta. Yaro ya sami harsashin zamani, ya farke, ya juye garin a bindigar toka don ta ƙara ƙarfi. Garin nan ƙarfinsa ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba, bututun da maƙeri ya yi maka kuwa ba a yi shi don ɗaukarsa ba. Tarwatsewa zai yi, a daidai inda hannunka na hagu da idonka suke. Kada kuma wani ya ruɗe ka da laya ko tauri. Na ga masu tauri da dama a gadon asibiti.

Na san zamanin da muke ciki. Ɓarayin daji sun sa wanda bai gaji bindiga ba ya riƙe ta, har gwamnatin Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Amma tsoro ba ya koyar da sana'a. Dokar makamai ta 1959 tana nan, ta ce ko bindigar ɗuri ana iya hana riƙe ta sai da lasisi, bisa umarnin kwamishinan 'yan sanda. Addini kuma ya hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa, balle a zagaya da ita a ɗure cikin taron Sallah ko biki.

Yau da yamma, tun da sauran haske, ka sauko da taka, ka fita da ita bayan gida, ka zura sanda ka gani. In ta kwana a ɗure tun damina, kada ka gwada ta. Kai wa Sarkin Baka ko tsohon maƙerin da ya san ta, ya sauke ɗurin ya share kafar. Albarushi ka ajiye shi daban, makunni daban, nesa da murhu, inda hannun ƙannenka ba ya kaiwa.