Dutsen Tunawa a Tsakiyar Ƙauye

Karatu: Joshuwa 4:1-24, 2 Sama'ila 18:18.

Bayan Yaƙin Duniya na Fari, watau na 1914 zuwa 1918, kusan kowane ƙauyen Faransa ya kafa dutse, aka sassaƙa sunayen 'ya'yan ƙauyen da suka mutu a bakin dāga, gama ƙasar ta rasa sojoji wajen 1,400,000. Abin da ya kamata mu auna shi ne: ko za mu iya girmama waɗanda yaƙi ya ci ba tare da mun yabi yaƙin kansa ba?

Mutanen Gentioux, wani ƙaramin ƙauye cikin lardin Creuse, sun ba da tasu amsa a 1922. Ba su kafa siffar soja mai kirarin nasara ba. Sai suka tsai da siffar yaro maraya cikin rigar makaranta, ya dunƙule hannu, yana nuna sunayen matattu da rubutun da ke la'antar yaƙi. Wakilin gwamnati na lardin kuwa ya ƙi zuwa bikin buɗewa.

Waɗansu za su ce, "Ai wannan reni ne ga jarumawa. Ashe a banza suka mutu?" Maganar tana da nauyi, gama gwauruwa tana bukatar ta'aziyya. Amma mu lura fa: ba a kankare sunan kowa ba. Wanda ya ƙi wuta bai ƙi mutumin da ta ƙone ba. Don mutanen nan suna da daraja ne rashinsu ya zama abin kuka.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana tuni iri biyu. Absalom ya kafa al'amudi domin kada sunansa ya ɓace. Wannan na fahariya ne. Joshuwa kuwa ya kafa duwatsu 12 a Gilgal domin yara su yi tambaya, iyaye su faɗa musu gaskiya. Dutsen da ya sa yaro marmarin yaƙi ya ci amanar matattu. Wanda ya sa shi ya tsaya ya yi tambaya, shi ne ya riƙe amanarsu.

Mu ma zancen ya shafe mu. A 1944 da 1945 sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar yanzu, waɗansunsu kuwa ba su komo gida ba. Inda babu dutse, bakin dattawa shi ne dutsen. Wajibi ne mu ambaci sunayensu, mu kuma faɗi abin da yaƙi ya bar wa marayunsu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin al'amudin Absalom da duwatsun Gilgal?
2. Su wane ne yaƙi ya ci a garinmu? Yaranmu sun san sunayensu?
3. Ƙaƙa za mu tuna da su ba tare da mun hura wutar gāba ba?