Kallo Daban, Ciniki Daban

A unguwar Fagge ta birnin Kano akwai wani dattijo mai gyaran firij da firiza, wanda ya daɗe a sana'ar har yaran da ya yaye sun buɗe nasu shagunan. Shagonsa ɗan ƙarami ne, babu allo babu fenti, sai tsofaffin kwampiresa jibge a bakin ƙofa da tukunyar gas a lungu. Masu ƙanƙara da masu zoɓo da kunun aya da masu shagon lemo duk sun san hannunsa. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, ciniki ya ja baya. Masu tayar da janareta saboda firiza suka ragu, wasu ma suka mai da ita akwatin ajiye tarkace. Tsofaffin abokan cinikinsa sun fara barin kasuwa ga 'ya'yansu, su kuwa 'ya'yan in abu ya lalace waya suke ɗauka su nemi mai gyara.

Yana da ɗan ƙanwa da ake kira Auta, wanda ya gama difloma yana zaman jiran aiki. Ran nan Auta ya zo gaishe shi, ya tarar da shi yana gyangyaɗi da hantsi.

Ya ce, "Kawu, wannan zaman ba zai yiwu ba. Yanzu kasuwa ta koma waya. Ka bar ni in buɗe maka shafi, cikin wata guda za ka rasa inda za ka ajiye aiki."

Dattijo ya ce, "To ɗana, ni dai abin da na sani shi ne ƙarfe da gas. In kana ganin akwai alheri, bisimilla."

Auta ya buɗe shafi a TikTok da Facebook. Da yake ya san abin da ke tashe, sai ya tara yaran shago suka shiga wasan barkwanci: wannan ya shige cikin matacciyar firiza ya fito yana karkarwa, wancan ya yi kamar wuta ta ja shi ya faɗi yana shure-shure. Ya ɗora waƙar da ake yayi a kai. Ranar Juma'a ya saka hoton fure da gaisuwar Juma'a, ran Asabar ya saka sakamakon ƙwallo. Har ya karɓi kuɗi a hannun kawunsa ya biya Facebook don a yaɗa wani bidiyo, bai kuwa tsaya zaɓar gari ba, ya bar shi ya bazu ƙasa baki ɗaya.

Abin ya karɓu. Dubban mutane suka kalla. Auta ya zo da murna yana nuna wa kawunsa: "Ka ga wannan daga Maraɗi yake, wannan daga Kumasi, wannan ma daga Jidda. Kawu, ka yi suna!"

Dattijo ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "Masha Allah. Shi na Jiddan yaushe zai kawo firij ɗin nasa?"

Auta ya yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce, "Tambayarka nake. A cikin duk waɗannan da suka yi dariya, mutum nawa ne ke da firij a Kano? A cikinsu mutum nawa ne nasa ya lalace? Wanda nasa ya lalace ɗin, me ya gani a nan da zai sa ya yarda ya ba ni kayansa? Ya ga yaro a cikin firiza. In ni ne ma ba zan kai kayana shagon da ake wasa da kayan mutane ba."

Auta ya yi shiru. Wata ya cika, data ta ci kuɗi, waya ba ta yi ƙara ko sau ɗaya saboda aiki ba.

Ana nan sai azumin 2024 ya gabato, ya kuwa faɗo cikin watan Maris, lokacin da zafin Kano ya kankama. Wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara ta zo da firizarta a bayan a-daidaita-sahu, hankali a tashe.

Ta ce, "Malam, ka taimake ni. Jiya lafiya lau take, yau ko ruwa ba ta sanyayawa. Ga azumi ya zo, da ita nake ci da marayu."

Ya buɗe, ya haska fitila, ya shafa bangon ciki da yatsa. Ya ce, "Hajiya, wa ya kankare ƙanƙarar nan da wuƙa?"

Ta ce, "Yarinyata ce. Ai kullum haka muke yi."

Ya ce, "To yau kam wuƙa ta sami bututu. Kin ga wannan ɗan ramin? Ta nan gas ya fice. A bayan bangon nan siraran bututai ne, in aka huda ɗaya shi ke nan. In ƙanƙara ta taru, kashe firizar za ki yi, ki buɗe murfi, ki saka roba da ruwan ɗumi a ciki, za ta saki da kanta. Kuma ki ji da kyau, gas ɗin firij ba ya ƙarewa kamar na girki. A rufe yake yana zagayawa. Duk wanda ya ce miki gas ya ƙare, to wani wuri ne ke yoyo. In ya ɗura sabo bai toshe ramin ba, kuɗinki ya ci, bayan 'yan kwanaki za ki dawo."

Hajiya ta riƙe baki. Ta ce, "Wallahi sau biyu ana ɗura min gas a ɗaya firizar, ba wanda ya taɓa faɗa min haka. Don Allah Malam maimaita, yaron nan ya ɗauka a waya in tura wa 'yan adashinmu. Rabinsu sana'ar nan suke yi."

Auta ya ɗauka. Babu waƙa, babu ado, sai hannun dattijo da ramin wuƙa da muryarsa, a ƙasa kuma lambar waya da sunan unguwa. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Hajiya ta tura shi guruf ɗinsu na WhatsApp. Kafin a sha ruwan farko, mata uku sun kira daga Kurna da Rijiyar Lemo da Gwammaja, kowacce da tata matsalar. Waɗanda suka kalli wannan bidiyo ba su kai kashi ɗaya cikin goma na masu kallon barkwancin ba, amma kusan dukkansu suna da firiza, kuma a-daidaita-sahu ɗaya zai kawo su Fagge.

Da dare Auta ya zo da littafi da biro. Ya ce, "Kawu, faɗa min duk tambayar da mutane suka fi yi maka."

Dattijo ya fara lissafi. Me ya sa firij ke ƙara amma ba ya sanyi? Me ya sa kwampiresa ke ƙonewa? Ya bayyana cewa wuta mara ƙarfi ita ce babbar mai kashe kwampiresa, shi ya sa ake sa sitabilaiza, kuma in an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a jira 'yan mintuna kafin a kunna. Ya ce kada a manna firij da bango, domin ta baya yake fitar da zafi. Ya nuna yadda ake gwada robar ƙofa: a saka takarda a rufe, in ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na gudu. Ya ce in an ɗauko firij a kwance daga wani wuri, a bar shi a tsaye na wasu sa'o'i kafin a sa masa wuta, don man kwampiresa ya koma mazauninsa. Ya ƙara da cewa yawancin sababbin firij suna amfani da gas mai lamba R600a, wanda ke kama wuta, saboda haka ba kowane mai walda ake bari ya taɓa su ba. Kafin su tashi littafi ya yi shafi uku, kowane layi kuma bidiyo guda ne.

Sai dai Kawu ya yi turus. Ya ce, "Anya kuwa? In na koya musu duk wannan, wa zai kawo aiki?"

Auta ya ce, "Kawu, wanda ya gwada robar ƙofa da takarda ya ga ta mutu, shi zai canza ta? Wanda ya faɗa masa gaskiya zai kira."

Haka kuwa aka yi. Ran da suka saka bidiyon da ke nuna cewa sau da yawa ɗan ƙaramin rile ne ke mutuwa a ce wa mutum kwampiresa ce, wani abokin sana'a ya tako har shago yana ƙorafi: "Haba Malam, tona mana asiri za ka yi?" Dattijo ya ce, "Asirin mai gaskiya ba ya tonuwa. Kai dai gyara naka." A makon ne wani mai kyamis ya kawo firij ɗin da yake ajiye allurai, wanda aka ce sai ya sayi sabuwar kwampiresa. Rile ne. Tun daga nan duk mai kyamis da ya sani sai ya turo shi Fagge.

Auta ma ya canza tsari. Ya mai da lambar shago WhatsApp Business, ya rubuta lokutan buɗewa da kwatancen wuri. Ya lura cewa sitatus ba ya wuce awa 24, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna ne ke ganinsa, don haka duk wanda ya kawo aiki sai ya roƙe shi ya ajiye lambar. Ya saka shagon a taswirar Google, abin da ba a biyan ko kwabo. Da ya sake biyan Facebook, sai ya taƙaita tallar ga Kano da kewaye. Sannan ya ware shafi a littafin nan, duk wanda ya zo a tambaye shi, "A ina ka ji labarinmu?" Irin bidiyon da ya kawo mutane a ƙara yin irinsa, wanda bai kawo kowa ba a bar shi, komai yawan masu kallonsa.

Sau ɗaya ya yi tuntuɓe. Sun je aiki wani gida a Hotoro, Auta ya ɗauki bidiyon gyaran a cikin kicin ya saka, ashe matar gidan ta gifta ta baya. Maigidan ya kira rai a ɓace. Kawu ya sa aka goge nan take, ya ɗauki Auta suka je har gida suka ba da haƙuri. A hanyar dawowa ya ce masa, "Mutumin da ya buɗe maka ƙofar gidansa amana ya ba ka. Daga yau ba a ɗaga waya a gidan kowa sai an tambaya, in an yarda ma firij kawai za a ɗauka. Kuma kada ka kuskura ka ɗauko hoton aikin wani a intanet ka ce namu ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Bayan sallah aiki ya tsaya da ƙafafunsa. Shafin bai taɓa komawa yawan kallon da ya samu a zamanin barkwanci ba, abokan Auta har tsiya suke masa wai shafinsa ya mutu. Shi kuwa a lokacin ya fara riƙe sukudireba da kansa, domin aiki ya fi ƙarfin hannun kawunsa da yaran shago.

Darasin da ke cikin wannan labari ya shafi duk mai sayar da aikin hannunsa, tela ne ko mai gyaran famfo, mai lalle ko mai wanki da guga. Mai sayar da kaya yana iya aika su ko'ina, amma mai aikin hannu kasuwarsa iyakar inda ƙafa ke kaiwa ce, kuma abin da ake saye a wurinsa kafin komai shi ne yarda. Saboda haka kafin ka saka wani abu a shafin sana'arka, ka tambayi kanka abu uku: wa nake so ya gani, wace damuwa tasa wannan zai warware, kuma in ya gamsu ya san yadda zai same ni? Abin da za ka saka ba nesa yake ba, yana bakin abokan cinikinka, a cikin tambayoyin da suke maimaita maka kullum. Ka amsa su da gaskiya, ka nuna aikinka na haƙiƙa, ka kiyaye mutuncin waɗanda suka ba ka amana, sannan ka auna nasara da yawan masu kira da masu dawowa. Masu kallo ba sa biyan kuɗin hayar shago.