Wa Zai Biya Kwanakin Makoki?

A ƙasar Gumel, kamar sauran ƙasar Hausa, mutuwa ba ta bai wa kowa wa'adi. Ana rasuwa da hantsi, kafin azahar an kai mamaci makwancinsa, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don zaman makoki na kwana uku. Tambayar da ta dace a yi ita ce: idan mai makokin ma'aikaci ne, wa zai ɗauki asarar waɗannan kwanaki?

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun shekara na aƙalla kwana 6, da hutun rashin lafiya har kwana 12 da albashi, da hutun haihuwa na mako 12. Ba ta ce komai game da rasuwa ba. Saboda haka malamar makarantar kuɗi a Gumel da mijinta ya rasu, wadda addini ya ɗora wa takaba ta wata huɗu da kwana goma, ta dogara ne ga tausayin mai makaranta. Tausayi kuwa halin mutum ne, wani yana da shi, wani babu.

Mai ba da aiki yana iya cewa shi aiki ya saya, ranar da ba a yi aiki ba babu bashi a kansa. Hujjar tana da nauyi, musamman ga mai ƙaramin jari. Sai dai wanda ya ɗauki mutum aiki ya ɗauke shi da iyayensa da 'ya'yansa, ya kuma san mutuwa rigar kowa ce. Albashin da ke tsayawa ranar da ma'aikaci ya binne mahaifiyarsa yana tilasta masa zaɓi tsakanin zumunci da abincin iyalinsa, kuma babu adalci cikin wannan zaɓi. Wasu ƙasashe sun gane haka. Saudiyya tana ba da kwana 5 da albashi idan miji ko mata, iyaye ko ɗa ya rasu, tana kuma biyan Musulma dukan takabarta. Birtaniya ta bai wa iyayen da suka rasa ɗa mako biyu tun 2020.

Doka kaɗai ba za ta isa kowa ba. Ɗan dako a kasuwar Alhamis ta Maigatari, da mai yankan riɗi a gonakin Gagarawa da Sule Tankarkar, ladan yini suke karɓa. Ranar da suka zauna gida, tukunya ba ta hawa murhu. Maganinsu yana cikin al'adar gayya: ƙungiyoyin kasuwa da na manoma su kafa asusun da zai riƙe mamba kwanakin makokinsa.

Ya kamata Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta rubuta aƙalla kwana uku da cikakken albashi cikin doka, ta kuma kare aikin mai takaba har ta fita. Al'ummar da ke cika ƙofar gidan mamaci da ta'aziyya bai kamata ta bar mai makoki yana lissafin ladan da ya rasa ba.